Tambaya da Amsa: Yadda Jamusawa Suka Sa Opera Ta Yi Harshensu

A fitowar da ta gabata na ambaci cewa a shekarun 1980, ina makanikin injinan haƙar kuza, an tura ni kwas yankin Ruhr na Jamus, kuma a can na fara shiga gidan opera. Maganar ta jawo wasiƙu da dama. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki. Ina karanta fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos. Malaminmu ya ce opera 'yar Italiya ce, amma kuma ya ba mu aiki a kan opera ta Jamus. To mene ne na Jamusawa a ciki? (Wani ɗalibi daga Unguwar Rogo)

Amsa: Ɗana, malaminku gaskiya ya faɗa. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa, makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali suna raka muryoyi, kuma a birnin Florence aka haife ta wajen 1600. Abin da yake na Jamusawa shi ne naci. Sun yi kusan shekara ɗari biyu suna fafutukar a yarda cewa harshensu ma zai iya ɗaukar wannan kaya.

A lokacin babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus. Masarautu ne barkatai, kowane sarki da fadarsa da makaɗansa, kuma alamar wayewa ita ce ka ɗauko mawaƙa daga Italiya ka biya su kuɗi mai tsoka. Jamusanci ana yi masa kallon harshen kasuwa da gona, wai baƙaƙensa sun rinjayi wasulansa, ba zai reru ba. Duk wanda ya yi makarantar da ake cin tarar yaro don ya yi harshen gidansu ya san irin wannan kallo.

Wadda ake ƙirgawa ta farko ita ce Dafne ta Heinrich Schütz, da aka yi a garin Torgau a 1627 a bikin 'yar sarkin Saxony. Baitocin suna nan, kiɗan ya ɓace. Mafi tsufa da ta iso gare mu da kiɗanta ita ce Seelewig ta Sigmund Staden, 1644. Duk wannan a tsakiyar yaƙin shekara talatin ne, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye garuruwa da mutane, don haka ba abin mamaki ba ne shukar ta yi jinkirin tsiro.

Inda ta fara samun gindin zama shi ne Hamburg, garin 'yan kasuwa da ba shi da sarki. A 1678 attajiran garin suka buɗe gidan opera a dandalin Gänsemarkt, wanda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga. Da labarin Adamu da Hauwa'u suka buɗe, duk da haka wasu limaman coci suka yi ta wa'azi a kan gidan. Reinhard Keiser ya rubuta musu opera da yawan gaske. A cikin masu goge na gidan akwai wani yaro, Handel, wanda ya fitar da tasa ta farko, Almira, a 1705 yana ɗan shekara 19. Ka lura da abin da ya biyo baya: Handel ya tafi Italiya, daga can ya wuce Landan, ya shahara da opera cikin Italiyanci. Gidan Hamburg kuwa aka rufe shi a 1738. Gwanin gida ya tafi noma gonar wasu, domin a can ne abinci yake.

Abin da ya ceci Jamusanci daga ƙasa ya fito. Akwai wani wasa na talakawa da ake kira Singspiel: a yi magana, a tsaya a rera waƙa, a koma magana. Idan ka ce wannan ai tsarin finafinanmu na Hausa ne, ba ka yi nisa da gaskiya ba, har da rainin da masu ilimi suke yi musu. A 1778 Sarki Joseph na II ya kafa ƙungiyar irin wannan wasa a Vienna, kuma ita Mozart ya rubuta wa Die Entführung aus dem Serail a 1782. Labarin wani Bature ne da ya je sato budurwarsa daga gidan wani basaraken Turkiyya, Pasha Selim. Akwai zolayar Turkawa a ciki da ba ta yi mini daɗi ba. Amma a ƙarshe, da aka kama masu gudu, Selim ya gane saurayin ɗan babban maƙiyinsa ne, sai ya yafe ya sallame su. Musulmin shi ne mai girman zuciya a wasan. A 1791 Mozart ya yi Die Zauberflöte, wato sarewar tsafi, a wani gidan wasa na bayan gari, mai gidan, Emanuel Schikaneder, shi ya rubuta baitoci ya kuma fito a matsayin mai kamun tsuntsaye. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan Mozart ya rasu yana da shekara 35.

Bari in tsaya a kan Beethoven, don tasa ce na fara gani. Wani dattijo da ke koya mana gyaran famfon janye ruwa daga rami yana da tikiti biyu, matarsa ba ta da lafiya, ya ce in zo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ganin leburorin kwal da na sani da baƙin hannu sun sa kwat sun cika bene. A cikin jirgin cikin gari ya ba ni labarin, don Jamusancina bai wuce na wurin aiki ba. Sunanta Fidelio. Wani gwamnan kurkuku ya jefa Florestan a ramin ƙasa don ya tona masa asiri. Matarsa Leonore ta yi shigar maza, ta nemi aiki wajen gandiroba, har ta kai ga an sa ta haƙa kabarin mijinta da hannunta. Da gwamnan ya zaro wuƙa sai ta shiga tsakani da bindiga, a daidai lokacin aka ji ƙaho daga hasumiya yana shelar isowar minista.

Ba wurin bindigar ne ya kama ni ba. Akwai inda aka buɗe wa fursunoni ƙofa su sha iska na ɗan lokaci. Suka fito a hankali suna kare ido daga rana, muryoyin suka taso ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron a ji numfashinsu, ɗaya yana gargaɗin sauran su rage murya, akwai kunne da ido a kansu. A gida a lokacin mulkin soja ake yi, ana tsare mutane ba shari'a. Na zauna hawaye na zuba, dattijon bai ce mini komai ba, ya dai dafa kafaɗata. Ita kaɗai ce opera da Beethoven ya rubuta, kuma ta wahalar da shi. An fara nuna ta a Nuwamban 1805, mako guda bayan sojojin Napoleon sun shiga Vienna, masu kuɗi sun gudu, hafsoshin Faransa ne a kujeru. Dare uku aka yi aka tsaya. Ya gyara a 1806, ya sake gyarawa a 1814, sannan ta karɓu.

Ranar da za ka rubuta da babban baƙi a aikinka ita ce 18 ga Yuni, 1821. A ranar aka fara nuna Der Freischütz ta Carl Maria von Weber a Berlin, inda sarki ya fifita wani Ba'italiye, Spontini. Weber bai ɗauko allolin Girka ko sarakunan Rum ba. Tatsuniyar ƙauye ya ɗauko. Wani maharbi, Max, hannunsa ya lalace ana gobe gasar harbin da za a ba shi mata. Abokinsa ya ja shi wani kwazazzabo da tsakar dare suka narka harsashi bakwai na asiri: shida za su sami duk abin da ya auna, na bakwai na Shaiɗan ne, shi zai kai shi inda ya so. Wane Bahaushe ne zai ji wannan bai tuna labaran maharba da mutanen ɓoye ba, da sharaɗin boka da ke dawowa kan mai shi? Jamusawa suka ji dajinsu da ƙahon farautarsu da waƙar 'yan matan amarya irin tasu. Marubuci Heinrich Heine ya rubuta daga Berlin a 1822 cewa ba inda mutum zai shiga a garin bai ji ana rera waƙar 'yan matan amaryar nan ba. Daga nan gardamar ko Jamusanci zai reru ta mutu.

Tambaya: Malam, ni tela ce a Bukuru, ina ɗinka rigunan amare. Kiɗan nan da ake yi a coci idan amarya za ta shigo, ɗana ya ce na wani Wagner ne, makaɗin Hitler. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Bukuru)

Amsa: 'Yar'uwa, rabin maganar ɗanki daidai ne. Kiɗan na Richard Wagner ne, daga opera mai suna Lohengrin da aka fara nunawa a Weimar a 1850. A cikin wasan ma ba na shigowar amarya ba ne, na kai amarya ɗaki ne bayan an ɗaura aure. Amma Wagner ya rasu a 1883, Hitler kuwa a 1889 aka haife shi. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Sai dai ba zan wanke shi ba, don hannunsa ba shi da tsabta. A 1850 ya buga wata maƙala da sunan aro yana zagin Yahudawa, yana cewa ba za su iya ƙirƙirar kiɗa na gaskiya ba, a 1869 kuma ya sake buga ta da sunansa. Cikin waɗanda ya ci wa mutunci akwai Felix Mendelssohn, wanda ya riga ya rasu. Kiɗan da ake yi idan ango da amarya za su fita daga coci na Mendelssohn ne. Wato a biki ɗaya kina jin mai zagi da wanda aka zaga. Daga baya Hitler ya ɗauki Wagner gwarzonsa, surukar gidan, Winifred, ta zama aminiyarsa. Har yau a Isra'ila ba a cika kaɗa Wagner a bainar jama'a ba, kuma da shugaban makaɗa Daniel Barenboim ya kaɗa wani yanki a Ƙudus a 2001 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce. Mu a Jos, tun daga wannan shekarar ta 2001, ba sai an koya mana inda maganar ƙiyayya take kai gari ba. Shi ya sa ba na ɗaukar maƙalar nan ƙaramin abu.

Duk da haka ina sauraronsa, kuma zan gaya miki dalili. An haife shi a Leipzig a 1813. Ya shiga boren Dresden na 1849, aka ba da sammacin kama shi, ya tsere Suwizalan, har Lohengrin ɗin ma sai bayan shekara goma sha ɗaya ya gan ta da idonsa. Bashi ya yi masa katutu, sai a 1864 wani saurayin sarki ɗan shekara 18, Ludwig na II na Bavaria, ya biya masa ya ce ya yi aikinsa. Abin da ya yi da wannan dama ya canza opera baki ɗaya. Ya rushe tsarin a yi waƙa a tsaya a tafa. Kiɗansa kogi ne, ba ya yankewa daga buɗe labule zuwa rufewa.

Babbar dabararsa kuwa mu mun riga mun san ta, sunanta take. Mai kalangu ya kaɗa taken Sarkin Fawa, kafin ki waiga kin san wa ke tafe. Ɗan dambe ya ji takensa tsigar jikinsa ta tashi. Wagner ya ba kowane mutum takensa, har takobi da mashi da zobe da la'ana kowanne da nasa. Ga misali. Wata mata tana ba da labarin wani baƙon tsoho mai ido ɗaya da ya zo ranar aurenta ya soke takobi a jikin itace. Ba ta ambaci sunansa ba. Amma tana magana makaɗa suna kaɗa taken fadar Wotan, sarkin alloli, a hankali. Mai sauraro ya gane Wotan ne da kansa, ita kuwa ba ta san shi da wannan suna ba. Ganga ta faɗi abin da baki bai sani ba.

Wannan a cikin Der Ring des Nibelungen yake, opera huɗu a jere, kusan awa 15, da ya ɗauke shi daga 1848 zuwa 1874. Wani wada ya sato zinariya daga ƙarƙashin kogin Rhine, ya rantse ya bar soyayya har abada don ya ƙera zoben mulkin duniya, ya mai da 'yan'uwansa bayi suna haƙa masa dukiya a ƙarƙashin ƙasa. Wotan ya ƙwace zoben don ya biya bashin ginin fadarsa, daga nan duk wanda ya riƙe shi sai ya hallaka. Akwai wurin da ake sauka ramin bayin, makaɗa su yi shiru, a bar uwar maƙera goma sha takwas ana dukansu a tare. Ranar da na fara jin wurin, Barikin Ladi na gani, da layin leburori da kwanuka a ka, da tafkunan da haƙar kuza ta bar mana bayan an kwashe arzikin an tafi. Mutumin da zuciyarsa ke da wannan datti shi ne kuma ya ga abin da kwaɗayi yake yi wa ƙasa da mutane. Na daɗe ina juya wannan, ban sami yadda zan raba su ba.

Ya gina gidan wasa na kansa a garin Bayreuth, aka buɗe a 1876. Ya rufe ramin makaɗa yadda ba a ganinsu, ya sa a rage fitilu a zauna cikin duhu, abin da muke yi a silima yau ba tare da tunani ba. Opera ɗinsa ta ƙarshe, Parsifal, a 1882, Hermann Levi ne ya jagoranci makaɗanta, ɗan limamin Yahudawa. A 1961 jikansa Wieland ya gayyato Grace Bumbry, baƙar fata daga Amurka, ta rera a wannan dandamali. Aka yi ta aiko da wasiƙun ƙorafi, bai janye ba, daren farko aka yi kusan rabin awa ana tafa mata.

Ki ci gaba da ɗinkinki da kwanciyar hankali, 'yar'uwa. Idan wata amarya ta fi son a shigo da ita da waƙar yabo ta harshensu, wannan ma ya yi kyau ƙwarai.

Tambaya: Baba, ina kaɗa fiyano a wani situdiyo a Farin Gada. Strauss nawa ne? Kuma bayan Wagner an ci gaba ko abin ya tsaya? (Wani matashi)

Amsa: Biyu za ka riƙa cin karo da su, kuma ba su haɗa jini ba. Johann Strauss na Vienna mai kiɗan rawa ne, shi ya yi Die Fledermaus a 1874. Wanda ya gaji Wagner shi ne Richard Strauss na Munich, 1864 zuwa 1949. Salome ɗinsa ta 1905, a kan yarinyar da ta nemi a kawo mata kan Yahaya Mai Baftisma a faranti, ta girgiza mutane har a New York aka janye ta bayan dare ɗaya a 1907. Der Rosenkavalier ta 1911 kuwa sai da aka sa jiragen ƙasa na musamman daga Berlin zuwa Dresden don masu kallo. Ya karɓi shugabancin hukumar kiɗa ta 'yan Nazi, mutanen Hitler, a 1933, aka sauke shi a 1935 bayan an kama wasiƙarsa zuwa ga Stefan Zweig, Bayahuden da ke rubuta masa baitoci.

Kai da kake kaɗa fiyano, nemi Wozzeck ta Alban Berg, 1925. Wani talakan soja ne da likita ke biya 'yan kwabbai yana gwaji a kansa, ba ya cin komai sai wake, har hankalinsa ya gushe. Kiɗan ba ya zama a kan maɓalli ɗaya, kunnenka zai ƙi shi da farko, ka daure. Kurt Weill da Bertolt Brecht kuma suka kawo kiɗan mashaya da ɓarayi dandamali a 1928. 'Yan Nazi suka hana duk waɗannan. Weill ya gudu a 1933. Viktor Ullmann ya rubuta Der Kaiser von Atlantis yana tsare a sansanin 'yan Nazi na Theresienstadt, aka kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944, ba a nuna ta ba sai 1975 a Amsterdam.

Abin bai tsaya ba. Yau Jamus tana da gidajen opera kusan tamanin, jihohi da garuruwa ke ɗaukar yawancin nauyinsu. Gadon masarautun nan barkatai ne, kowacce ta bar gidan wasanta. Shi ya sa a lokacin da nake can leburan kwal yake iya sayen tikiti.

Tambaya: Malam, ban san ko kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Daga ina zan fara? (Wata malamar firamare daga Gangare)

Amsa: Malama, mun yi shekaru muna cika silimar Kwararafa muna kuka da finafinan Indiya, ba wanda ya iya harshensu. Ki karanta labarin tukuna, sannan ki saurara. Kada ki fara da Wagner, zai yi miki tsawo. Ki nemi waƙar fursunoni ta Fidelio a YouTube, ba ta kai minti goma ba. Bayan ita ki saurari kiɗan share fage na Der Freischütz da dare, gida ya yi tsit. Za ki ji ƙaho huɗu suna zana daji da safe, sai goge ya fara rawar sanyi a ƙasa, ganga ta buga a hankali: Shaiɗan ke nan ya shigo, ba wanda ya ambaci sunansa. Da wannan opera aka rufe gidan opera na Dresden a ƙarshen Agustan 1944. Bama-bamai suka rushe shi a Fabrairun 1945. Da aka gama sake gina shi, ranar 13 ga Fabrairu, 1985, da ita aka buɗe.